Sankarar Huhu: Yadda Likita Ke Gane Wanda Sabon Magani Zai Karɓa

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Manomi yakan dubi gabas ya ce yau akwai ruwa, mai sayen tukunya kuwa yakan ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta kafin ya biya kuɗi. To, likitocin zamanin nan su ma suna da irin nasu duban gabas. Akwai wani sabon magani na sankarar huhu, watau ciwon dajin da ke kama huhu, wanda yakan tashi kafaɗar wani majinyaci har ya ƙara shekaru a duniya. Wani kuwa sai a ɗura masa shi kamar an zuba ruwa a kwando, wani ma ya jawo masa wata cutar dabam. Ga shi kuma da tsadar gaske. Saboda haka masana suka duƙufa neman alamu a cikin tsoka da jinin majinyaci, waɗanda za su nuna tun da wuri ko maganin zai karɓe shi, ko kuwa zai cuce shi.

Wani zai ce ina ruwan malamin makaranta da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. A nan Magajiya da sauran unguwannin Suleja, in aka kawo takarda daga asibiti, galibi wurin malam ake kai ta ya karanta. Daga karatu sai shawara ta biyo baya: Malam, a sayar da filin nan ne, ko a dakata? Wanda za a yi wa irin wannan tambaya ya kamata ya san abin da ke cikin takardar, ko da gwargwadon da zai iya nuna wa mutane tambayar da za su yi wa likita.

Mece ce sankarar huhu?

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani dogon rubutu na gado, haruffa wajen miliyan 3,000 daga uwa, da kamarsu daga uba. Rubutun nan shi ke gaya mata aikinta, da lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta mutu. Duk sa'ad da za ta rabu, sai ta kwafe shi dukansa. Mu malamai mun san abin da ke faruwa in yaro ya kwafi darasi daga allo, na kusa da shi ya kwafa daga littafinsa, na uku ya kwafa daga na biyu. Kuskure yakan shiga, ya yi ta tafiya. Yawancin kurakuran nan ba su da lahani, jiki ma yakan gyara da yawa. Amma in kuskure ya faɗa kan layin da ke cewa "tsaya", sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, ta zama ƙari, daga baya ta yi rassa zuwa ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. Sankara ke nan.

Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 2 da rabi suka kamu da sankarar huhu, wajen miliyan 1 da dubu 800 kuma suka mutu da ita. Ba wata sankara da ta kai ta kisa. Tun 1950 masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙarta da shan taba, kuma taba ce sanadin wajen 85 cikin 100 na masu ita. Amma fa wanda bai taɓa sa sigari a bakinsa ba shi ma tana iya kama shi. A 2012 masana na hukumar nan suka tabbatar hayaƙin injin dizal yana kawo ta, a 2013 suka ƙara da gurɓatacciyar iskar gari. Hayaƙin itacen girki ma sun sa shi cikin abubuwan da ake tuhuma ƙwarai. Wanda ya san yawan tireloli da tankokin da ke bin hanyar Kaduna ta Maje da Dikko, da janaretocin da ke ruri a bayan kantuna, da murhun iyayenmu mata, ya san zancen bai yi nisa da mu ba.

Cutar iri biyu ce manya. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wajen 15 cikin 100, sa'an nan akwai sauran, wajen 85 cikin 100. Bayanina a kan wannan mai yawan zai tsaya.

Barade da linzami

Garin nan namu, tun yana amsa sunan Abuja, Sarki Abu Ja ya kafa shi a 1828, aka kewaye shi da ganuwa, aka sa mayaƙa tsaronsa. Jiki ma haka yake. Mayaƙansa su ne fararen ƙwayoyin jini. A cikinsu akwai dakaru, waɗanda likitoci ke kira niyutirofil, masu rugawa da yawa duk inda rauni ya auku. Akwai kuma barade, watau limfosayit, waɗanda ke zagaya jiki suna duban fuskar kowace ƙwaya, in sun ga baƙuwar tsaga su kashe mai ita. Ƙwayar sankara, tun da rubutunta ya ɓaci, fuskarta takan sāke, saboda haka barade suna iya gane ta.

To, me ya hana su gama da ita? Doki mai ƙarfi ba a hawansa sai da linzami. Allah ya sa wa baraden jiki nasu linzami, don kada zafin yaƙi ya sa su tattake 'yan gari. Wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo na jami'ar Kiyoto, ya gano ɗaya daga cikin linzaman nan a 1992, aka sa masa suna PD-1. Ƙwayoyin jiki suna da wani hannu da ke jan wannan linzami, sunansa PD-L1. Makircin sankara shi ne ta tsiro da hannuwan nan birjik a fuskarta. Barde ya taho a sukwane, ya gane maƙiyi, sai a ja linzaminsa ya tsaya cik.

Tunanin tayar da mayaƙan jiki su yaƙi sankara ya daɗe. Tun 1891 wani likita a Amurka, William Coley, yake sa wa masu sankara ƙwayoyin cuta da gangan don jiki ya harzuƙa, wasu suka sami sauƙi, amma ba a san dalili ba. Sai a 1996 James Allison ya nuna a jikin ɓeraye, a jihar Kalifoniya, cewa in aka toshe wani linzamin mai suna CTLA-4, ƙari yakan narke. Shi da Honjo suka raba kyautar Nobel a 2018. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba masu sankarar huhu magunguna biyu masu toshe PD-1, waɗanda ake sayarwa da sunan Opdivo da Keytruda. Ba su kashe sankara da kansu. Aikinsu su rufe linzami yadda hannun sankara ba zai kama shi ba. Ta jijiya ake ɗura su kamar ƙarin ruwa. Keytruda, alal misali, ana ba da shi sau ɗaya a mako 3, har zuwa shekara 2.

A gwaje-gwajen farko, da aka ba majinyata ba tare da zaɓe ba, ƙari ya ragu sosai a jikin wajen mutum 1 cikin 5 kaɗai. Amma a cikin waɗannan akwai waɗanda suka yi shekaru cutar ba ta motsa ba, abin da ba a saba gani ba a da. Nan ne tambaya ta taso: yaya za a gane wannan mutum ɗaya tun ba a fara ba?

Alama ta farko: ƙirga hannuwan sankara

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba ko sankarar mutum da wannan makirci ta dogara. Likita yakan ciro ɗan tsoka daga ƙarin, ko da allura ta ƙirji, ko da siririn bututu mai fitila ta maƙogwaro. A ɗakin bincike sai a yanka tsokar siririya, a ɗora bisa gilashi, a zuba mata wani rini wanda ba ya kama kome sai PD-L1. Duk ƙwayar da ke da shi, gefenta yakan yi launin ƙasa-ƙasa. Sai likitan duba tsoka ya ƙirga ƙwayoyin sankara aƙalla 100, ya ga nawa suka rinu. Sakamako kashi uku ne: ƙasa da 1 cikin 100, daga 1 zuwa 49, sa'an nan daga 50 zuwa sama. Wajen majinyaci 3 cikin 10 ke faɗawa cikin kashin sama.

A 2016 aka bayyana sakamakon wani gwaji na mutum 305, dukansu cutar ta bazu, dukansu kuma alamarsu ta kai 50. Aka raba su biyu, rabi aka ba su Keytruda, rabi aka ba su tsohon maganin nan mai zubar da gashi da ake kira kemo. Ƙari ya ragu a jikin 45 cikin 100 na masu sabon magani, da 28 cikin 100 na masu kemo. Bayan shekara 5, wajen 32 cikin 100 na kashin farko suna raye, na biyu kuwa 16.

Ku lura da lissafin nan da idon malami. Ninki biyu ba ƙaramin abu ba ne. Amma ko a cikin zaɓaɓɓun nan, fiye da rabi ƙarinsu bai ragu sosai ba. Alamar kamar jarrabawar shiga makaranta take. Yaron da ya ci maki 80 ya fi wanda ya ci 30 alamar zai yi ƙoƙari, amma kowannenmu ya ga na 80 ya yi kasala, ya kuma ga na 30 ya zama zakara. Dalilai suna nan. Ƙari ba kamarsa ɗaya ba ko'ina, allura tana iya faɗawa gefen da ba alama, alhali ɗaya gefen cike yake. Alamar takan hau ta sauka da lokaci. Rinin kamfanoni ya bambanta. Tsokar ma in ba a jiƙa ta cikin ruwan adanawa da wuri ba, rini ba ya kama ta sosai. Shi ya sa ba a sallamar mai ƙaramar alama. A 2018 wani gwaji ya nuna in aka haɗa sabon magani da kemo, har waɗanda alamarsu ba ta kai 1 ba sukan amfana. Watau alamar tana nuna wanda za a ba maganin shi kaɗai, da wanda za a haɗa masa da kemo.

Alama ta biyu: yawan kuskure

Sakin linzami ba shi da amfani in barde bai ga abokin gaba ba. Sankarar da kurakuranta kaɗan ne, fuskarta kusan irin ta 'yan gari ce, sai ta saje. Wadda kurakuranta suka yi yawa kuwa baƙuncinta a fili yake. A 2015 masana na asibitin Memorial Sloan Kettering a Amurka suka karanta rubutun ƙarin majinyata 34, suka ga masu yawan kuskure sun fi amfana. A 2020 hukumar magunguna ta ƙasar ta yanka iyaka: kuskure 10 ko fiye a cikin kowane harafi miliyan 1.

A nan akwai abin mamaki. An lissafa a 2016 cewa mai shan kwalin sigari guda kullum yana ƙara wa kowace ƙwayar huhunsa kuskure wajen 150 a shekara. Don haka sankarar mashayin taba ta fi jin wannan magani bisa ga ta wanda bai sha ba. Kada wani ɗalibi ya ɗauki wannan hujja ya tafi bayan ɗakin kwana da ashana. Tabar da ta sa ƙari ya fito fili, ita ce ta haife shi tun farko, kuma yawancin masu cutar da ta bazu ba su warkewa.

Wannan gwaji ya fi na farko wuya da tsada, gama sai da injin karanta rubutun gado, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba. A sankarar huhu har yanzu ƙirgar PD-L1 ce kan gaba.

Alamun da ke cewa a canja hanya

Akwai kuskuren da shi kaɗai ke tuƙa sankara. A 2004 aka gano irinsa a wani layi na rubutun gado mai suna EGFR, a 2007 kuma masanan Japan suka gano wani a layin ALK. An fi samun su a jikin waɗanda ba su shan taba, na farkon kuma ya fi yawa ga mata. Masu irin wannan sankara ba su cika amfana da sakin linzami ba, ko da alamar PD-L1 tasu ta yi sama. Su akwai ƙwayoyin haɗiya da aka yi musamman dominsu, masu aiki ƙwarai. Har ma an lura in aka fara sakin linzami, sa'an nan aka biyo da ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan mai suna Tagrisso, haɗarin kumburin huhu yakan ƙaru. Saboda haka ƙa'ida ita ce a duba EGFR da ALK tukuna. Wannan ya shafi uwar da ta yi shekara 30 a gaban murhu ba ta taɓa shan taba ba. In aka yi gaggawar saya mata magani mai tsada ba a duba ba, ana iya yin asara biyu. Akwai kuma wasu layuka biyu, STK11 da KEAP1, waɗanda in sun ɓaci ƙari yakan zama kamar garin da barade ba su shiga, maganin ya yi rauni.

Abin da jini da hanji ke faɗi

Wasu alamun ba su bukatar babban inji. Gwajin ƙirgar jini da ake yi a kowane babban asibiti yana nuna yawan dakaru da yawan barade. In dakaru suka rinjayi barade da nisa, alama ce jiki yana fama da kumburi, mayaƙan da ake bukata kuwa sun yi ƙaranci. A 2018 likitocin asibitin Gustave Roussy da ke kusa da birnin Faris suka haɗa wannan da awon wani sinadarin jini mai suna LDH, suka raba majinyata kashi uku: masu kyakkyawan fata, da matsakaita, da masu rauni. Har wa yau ana bin ɓurɓushin rubutun sankara da ke yawo cikin jini. In ya ragu a makonnin farko na magani, alama ce mai kyau, tun hoton ƙirji bai nuna ba.

A wannan asibiti dai aka gano wani abin da ya shafe mu ƙwarai. Cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ke horar da mayaƙan jiki. Majinyatan da suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta dab da fara sakin linzami ba su amfana kamar sauran ba, gama maganin ya share masu amfanin tare da miyagun. Haka kuma an lura da masu shan magungunan kwantar da kumburi irin su firednisolon da yawa tun kafin a fara. Ku tuna yadda muke shiga kemis mu sayi kafso don 'yar mura, da yadda wasu ke haɗiyar irin waɗancan ƙwayoyi don neman ƙiba. In likita ya rubuta su don larura, lalle a sha. Abin gudu shi ne mutum ya rubuta wa kansa, ya kuma ɓoye wa likita.

In doki ya ƙwace

Yanzu sai ɗaya gefen. Dokin da aka cire wa linzami yana iya bi ta kan 'yan gida. Barade sukan far wa fata, a ga ƙuraje da ƙaiƙayi. Sukan far wa hanji, a yi ta gudawa, wani lokaci da jini. Sukan taɓa hanta, ido ya yi rawaya. Ƙullutun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, aikinsa yakan rikice ga wajen mutum 1 cikin 10, mutum ya yi ta kasala da jin sanyi, ko ya rame zuciyarsa tana bugawa da sauri. Kumburin huhu yakan sami 3 zuwa 5 cikin 100. Kumburin naman zuciya bai cika wuce 1 cikin 100 ba, amma mugu ne, a rahotannin farko kusan rabin waɗanda ya kama sun rasu. In an haɗa duka, wajen mutum 1 cikin 10 yakan sami lahani mai tsanani na irin wannan. Galibi a watannin farko yake zuwa, amma yana iya ɓullowa ko bayan an daina magani. In aka gane da wuri, sai a tsai da maganin a ba da firednisolon, yawanci a sami sauƙi.

Wa ya fi kusa da wannan haɗari? Na farko, wanda da ma jikinsa yana yaƙar kansa, kamar mai ciwon gaɓoɓin nan da ke kumbura 'yan yatsu. Na biyu, wanda huhunsa ya riga ya yi tabo ya ƙanƙance, ko aka taɓa gasa masa ƙirji da haske. Na uku, wanda aka sami makaman yaƙar ƙullutun wuya a jininsa tun kafin a fara. Na huɗu, wanda aka toshe wa linzami biyu lokaci ɗaya. A 2022 masana a Bostan da Okasfod suka gano wani bambanci na gado kusa da layin IL7, wanda masu shi suka fi samun lahani, amma wannan yana hannun masu bincike tukuna. Gaskiyar magana, alamun lahani ba su kai alamun amfani ƙarfi ba. Saboda haka babban tsaro shi ne tambayar tarihin majinyaci filla-filla, da gwada hanta da ƙoda da ƙullutun wuya da sukari kafin a fara, da maimaita gwajin a kai a kai. An kuma lura waɗanda suka sami lahani mai sauƙi, kamar na fata, sau da yawa su ne ƙarinsu ke raguwa, gama alama ce barade sun farka. Amma wannan ba dalilin jurewa a gida ba ne. Sabon tari, ko haki, ko gudawa, ko ciwon ƙirji, a koma asibiti ran nan, kada a kwana.

Mudun wani gari

Kowa ya san mudun wata kasuwa ba lalle ya yi daidai da na wata ba. Yawancin gwaje-gwajen nan a kan Turawa da mutanen gabashin Asiya aka yi su, 'yan Afirka kaɗan ne a ciki. Ga misalai huɗu na abin da wannan ke jawowa.

Na ɗaya, kafin a ƙirga kurakuran ƙari sai an cire bambance-bambancen da mutum ya gada, ta hanyar gwada su da wani babban kundi. Kundin nan ya fi cika da rubutun Turawa. A 2022 masana a Bostan suka nuna cewa in ƙari kaɗai aka karanta, ba a haɗa da jinin mai shi ba, akan ƙirga gadon baƙar fata a matsayin kuskure, lissafinsa ya hau bisa ƙarya.

Na biyu, yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a jan jininsu da ake kira Dafi, rashinta kuwa yana kare su daga wani irin zazzaɓin cizon sauro. Masu wannan gado dakarun da ake ƙirgawa a jininsu sukan yi ƙasa da na Bature, alhali lafiyarsu lau. Ashe ke nan iyakar da aka yanka a Faris tana bukatar a sāke auna ta a kanmu.

Na uku, a 2021 likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, tare da abokan aikinsu na Amurka, suka duba sankarar hanji ta 'yan Nijeriya. Suka sami wata alamar da ke nuna jin wannan magani a jikin 28 cikin 100, watau ninki biyu ko fiye na abin da aka samu a Amurka. Wannan a hanji ne, amma ya isa ya nuna sai an auna namu kafin a san namu.

Na huɗu, cututtukan da ke tare da mu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi addaba a duniya, kuma alamunsa da na sankarar huhu kusan ɗaya ne: tari, da rama, da kakin jini, da inuwa a hoton ƙirji. Mutum yana iya shan maganin tarin fuka wata da watanni, alhali sankara ce ke cinsa. An kuma ga tarin fuka da ke kwance ya tashi bayan sakin linzami. Haka ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin wajen 8 cikin 100 na manya. Lalle ne a gwada waɗannan biyu kafin a fara.

Abin da ya rage gare mu

A Amurka kuɗin ɗurawa ɗaya ta Keytruda ya haura dala dubu 10, ga shi ana iya yin ta har sau 35. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada don sankarar huhu, a 2028 kuma ikon mallakar kamfaninsa zai fara ƙarewa a Amurka, abin da zai buɗe ƙofa ga masu yin irinsa da araha. A gida, Cibiyar Binciken Sankara da Maganinta ta Ƙasa, wadda aka yi dokarta a 2017, ta fara aiki a Abuja a 2023. Mu mutanen Suleja mun yi sa'ar kusanci: ga Asibitin Ƙasa a Abuja, ga asibitin koyarwa a Gwagwalada, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ta Zariya, inda ake samun ƙwararrun likitoci.

Saboda haka, ɗan'uwa, in aka kawo maka takarda, ga abin da za ka tuna. Tarin da ya wuce mako 2 a kai kaki a gwada, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In ba a sami ƙwayar cutar ba, ko an sha magani wata 2 ba sauƙi, a koma a nemi ƙarin bincike. Ba a tabbatar da sankara sai an duba tsoka, kuma ciro ɗan tsoka ba shi ke watsa ta ba, kamar yadda ake faɗi a gari. In an tabbatar, a tambayi likita cikin ladabi: wane iri ce, ina ta kai, an duba EGFR da ALK, nawa ne lissafin PD-L1, an gwada tarin fuka da hanta? Kuɗin gwaje-gwajen nan kaɗan ne in aka gwada da kuɗin maganin, don haka a fara da su kafin a taɓa fili ko gona. A gaya wa likita duk abin da majinyaci ke sha, na kemis da na gargajiya.

Sa'an nan mu koma ajinmu. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shan ta a makarantu. Yaran da ke gabanmu yau su ne ake jawowa da sigari da shisha. Malamin da ya raba yaro ɗaya da taba ya yi masa abin da magani mafi tsada a duniya ba ya iya lamuncewa, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya da ilmi mai amfani, amin.